Hannayen Rigar Sanyi

Ta danna almakashi a jikin rigar sanyin kafin zuciyarta ta sake hana ta. Shekara huɗu rigar mijinta tana ƙasan akwati, tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti babu mai ita, lokacin tana da cikin wata bakwai.

Sana'arta ke nan, yanka rigunan manya ta ɗinka wa yara, kuma hannayen riga ta saba mayarwa ƙafafun wando. Amma da ta ga facin da ta yi masa da hannunta a gwiwar hannun dama, sai ta kasa. Ta ninke hannayen biyun da ta cire, ta ɗora can saman kabad, inda ita kanta sai ta taka kujera.

Da gangar jikin ta ɗinka wa 'yarta riga.

"Zo ki gwada, sarkin rigima. Tarin nan naki ya ishe ni."

Rigar ta zauna mata cif. Yarinyar ta shinshina wuyan, ta ruga ɗaki.

Uwar tana tsince zare a gindin keken ɗinki sai ta jiyo dariya, irin ta yaron da ake yi wa cakulkuli. Can sai ga yarinyar ta fito, hannayen nan biyu sun zagaye kafaɗunta, an ƙulle su tam a tsakiyar bayanta.

"Wa ya ɗaura miki?"

"Mai rigar. Ya ce bai taɓa ɗaukata ba."