Tsawar da Ta Kai Ireland

"Abban Rayyan, ka rame," in ji Khaulah, tana duban mijinta a kiran bidiyo daga falonta a unguwar Wangsa Maju da ke Kuala Lumpur.

Tajuddeen ya yi murmushin yaƙe. "Girkina ne. Gidan hutun nan na ƙauyen Ireland ba mai dafa maka, daga ni sai tumakin maƙwabta. Ina gama rubutun digirina zan dawo."

Sai tsawa ta fashe a saman Kuala Lumpur har tagarta ta girgiza. A lokaci guda ta ji ta cikin wayar, shi ma ya zabura ya dafe kunne.

Hannun da ya ɗaga yana jone da robar ƙarin ruwa.

Ta miƙe ta jawo hijabi. "Wane asibitin ne?"