Duwatsun Murhun Iya

"Ƙarfe daga Ingila yake zuwa," in ji malamin, yana nuna wa ɗalibansa hoto a littafi. "Mu nan ba mu taɓa narka dutse ya zama ƙarfe ba."

Zamanin Turawa ne. Daga makarantar sana'a ta Kano ya kwaso su, suka sauka gidan uwarsa a Roni. Tsohuwa na tuƙa musu tuwo, sai muciya ta tsaya. In ta yi shiru, haka za su rubuta, a sake binne mijinta a takarda.

"Malam, taso ka sauke min tukunyar nan."

Ya sauke. Duwatsun murhu baƙaƙe ƙirin, duk huji.

"Kashin tama ne wannan. Ubanka ya narka shi a gindin dutsen can, ina kai masa fura, kafin ƙarfen jirgin ƙasa ya kashe sana'ar. Ƙarfen ya zama garma, wannan ya rage min. Shekara talatin kana cin tuwo a kansa, ba ka taɓa leƙawa ba."

Ɗalibai suka juyo da fensirinsu.

"Iya, da wane gawayi?" in ji wani ɗalibi.

"Na itacen ƙirya," ta ce. "Malam, kai ma rubuta."