Mahaucin da Ya Ƙi Awo

Kai da kake cewa jikinka ne malaminka, ajiye ƙarfen nan ka saurara.

An yi wani mahauci, ƙato mai zafin rai, wanda ya yi suna wajen auna nama da hannu. In ya ɗaga tsoka ya ce kilo ce, to kilo ce, kuma duk wanda ya nemi a ɗora a sikeli ya sha zagi har kakanninsa. Da yayin ɗaga ƙarfe ya shigo unguwarsu, sai ya samo gwangwanayen fenti biyu da guntun bututun ƙarfe, ya kwaɓa siminti da tsakuwa, ya zuba da ƙiyasin ido, ba awo. Maƙwabcinsa, wani tela siriri kamar sillen kara, shi ma ya haɗa nasa, amma sai da ya kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa suka auna masa kowane ɓangare. Ya kuma rubuta da alli a bangon shagonsa: ranar ƙirji, ranar ƙafa, ranar baya, ranar hutu, da ɗan nauyin da zai ƙara duk mako biyu. Rubutun nan ba ƙaramin ƙona ran mahauci yake yi ba. Wai ƙarfe ma sai an yi masa jadawali kamar ɗan firamare. Shi kam ran da ya tashi da ƙarfi, ɗagawa yake har idonsa ya kaɗa ya yi ja, ran da jiki ya ce a'a kuma ya kwana huɗu bai taɓa ba. Kuma a faɗi gaskiya, ya murɗe, damtsensa ya yi cinyar telan.

Gab da Sallah ya kai wa telan yadi a yi masa kaftani. Tela ya gwada kafaɗa, ya sake gwadawa, sannan ya ce, "Maƙwabci, damanka ta ɗara hagunka inci biyu. Gwangwaninka ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ka bari haka, kai su sikeli tukuna." Mahauci ya fizge yadinsa. Ya ce shekara ashirin hannunsa bai taɓa tauye wa kowa nama ba, sai yau mai zare da allura zai koya masa nauyi? In da gwangwani ya fi gwangwani, ai jikinsa ne zai fara sani. Ya koma gida yana huci, ya sunkuci ƙarfen, ya ji shi daidai wa daida. To ina zai ji? Jikin da ya shekara yana ɗaukar karkataccen kaya, karkatar ce ta zame masa daidai.

Bayan Sallah masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga babban birnin jiha, mutum ɗaya tak suke nema ya wakilci yankin a gasar ɗaga ƙarfe. Mahauci ya riga ya shaida wa kaf 'yan mahauta gurbin nasa ne, har da mai kalangu ya tafi filin. Aka ajiye ƙarfen gaske, mai awo, dama da hagu ba wanda ya fi wani. Ya dube shi a raine, ya ce a ƙara. Aka ƙara. Ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya, ya ɗaga. Hannun dama, wanda ya saba da kayan da ya fi wannan, ya yi sama a guje, na hagu ya tsaya a hanya. Ƙarfe ya kwanto hagu gaba ɗaya, sai aka ji ƙas. Mai kalangu ya tsaya a tsakiyar kirari. Tela kuwa bai nemi a ƙara masa komai ba. Nauyin da bangon shagonsa ya ce ya kai a makon nan shi ya ɗaga, sau uku, a miƙe, ko girgiza bai yi ba. Shi aka rubuta.

Wata uku mahauci yana rataye da hannu a wuya, ba ya iya riƙe cinyar saniya ya sara, masu sayen namansa suka koma teburin gaba. A ɓoye ya sa aka tura ƙarfensa a baro zuwa sikeli, aka tarar gwangwanin dama ya fi da kilo huɗu da rabi. Ko a nan cewa ya yi tela ne ya haɗa baki da mai sikelin. Masu zuwa dubiya suna yi masa sannu, suna satar kallon kaftanin da ya kai wani wuri aka ɗinka, ya zauna masa a karkace.

Ɗauki ƙarfenka yanzu in ka ga dama. Hausawa dai sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.