Shawarwarin Shugaban Kwamiti

Sau uku shugaban kwamiti ya goge tabarau kafin motar sufeton makarantu ta tsaya, alhali tabaraun fes yake. Sakamakon jarrabawar ƙaramar sakandaren ya fito, abin ba kyan gani: aji tara, takwas sun sha ƙasa. Hukuma kuwa ba ta ja zance ba. In kwamitin ba da shawara bai nuna amfaninsa ba, yau za a rushe shi.

Rushe kwamiti kuwa ɗauke masa kujerar nan mai juyawa ke nan. Tun da ya yi ritaya, nan kaɗai ake ce masa Yallaɓai. A gida ko rimot jikoki ba sa bar masa.

Kada a ci alhakinsa, mutumin ya yi aiki. Shekara biyu cur, duk wata sai ya zubo shawarwari shafi talatin, wani lokaci arba'in, a ambulan mai kauri, kowane aji da nasa, ga hatimi an danna a baki. Malamai suka duƙufa cike jadawalin da ya ƙirƙiro, yara a bayansu na wasan jifa da alli.

Akwai ranar da malamar ajin ƙarshen baranda ta roƙi a kawo kafinta, wai tebura na rawa, yara ba sa iya rubutu. Dariya ya yi har da share ƙwalla.

"Malama, matsalarmu ta tsari ce, ba ta katako ba."

Ta juya ta koma aji. Amma daga ranar ita ke fara zuwa karɓar ambulan, har takan tambaya ko akwai ragowa. Shugaba ya ce a ransa, ga wadda ta san darajar ilimi.

To, ajinta ne kaɗai ya ci.

Can shugaba ya ja sufeto, yana sauri yana surutu don kada baƙo ya ji ƙwaram-ƙwaram ɗin teburan sauran azuzuwa. Suka shiga ajin malama. Tsit. Yara arba'in, kai a sunkuye, ba abin da ke motsi sai hannu.

"Ga zahiri, ranka ya daɗe," in ji shugaba, yana gyara zaman hula. "Wannan baiwar Allah ba ta taɓa barin takardata ta kwana a ofis ba."

Sufeto ya dubi malama. "Mene ne sirrin?"

"Ba wani sirri, Yallaɓai. Sun samu sun zauna ne, suka yi rubutu."

"Kunya gare ta," shugaba ya yi wuf ya tare. "Ba ta son yabona a gaban idona."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya ciro takardar ƙara wa kwamiti wa'adi, ya shiga laluben biro. Shugaba, garin rawar jiki, ya miƙa nasa mai ruwan zinariya. Biron ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin teburin gaba. Sufeto ya riga shi sunkuyawa.

Ya daɗe a can ƙasa. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Da ya miƙe, sai ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya ce, "Yallaɓai, ɗan sunkuyo."

Shugaba ya sunkuya, gwiwa na ƙara.

Ƙarƙashin guntuwar ƙafar kowane tebur, daga gaba har bango, ambulan ɗinsa ne a ninke, ko hatimi ɗaya ba a ɓalle ba.