Ƙullin Ƙaya

Kular tana nan kuma a bakin ƙofa, naɗe cikin tsohon tawul, kamar Asabar ɗin da ta wuce. Nusrat ta leƙa hagu, ta leƙa dama. Layinsu na unguwar Levenshulme a Manchester shiru, sai ƙugin bas daga can Stockport Road. Ta sunkuci abin, ta lallaɓa kicin da sanɗa don kada mijinta Gidaɗo ya ji.

Abincin kam, wallahi, ba shi da makusa. A sama farin kifi ne gasasshe, ya yi taushi luɓus. A ƙasa miyar madara ce mai kauri da dankali da masara, irin wadda Turawa ke kira chowder. Abin da ke tsinka mata zuciya shi ne ƙullin da ke ɗaure a hannun murfin: ɗan farin ƙyalle, an naɗe shi da zare. In ka kwance, ƙayoyin kifi ne a ciki, an wanke su tas, an jera daga babba zuwa ƙarami.

Tun da aka yi wa Gidaɗo aikin ciki likita ya hana shi yaji da mai, ya ce sai farin kifi da abu mai laushi. Ba irin dabarar da Nusrat ba ta yi ba. Ta sayo tsokar kifi zalla, ta gasa a oven da lemon tsami, ta dafa da madara, ta marmasa a dankali. Gidaɗo sai ya kalli farantin ya kau da kai, ya ce bakinsa ba daɗi. Mutum ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Likitan ya ce in aka ci gaba a haka, asibiti za a mayar da shi a riƙa ba shi abinci ta hanci.

Ana cikin wannan hali kular ta fara zuwa. Nusrat a Rusholme, nan cikin Manchester, aka haife ta, sammu a labari kawai take jinsa, don haka ta buga wa ƙawarta Zuweira, wadda ta tashi a Kumasi.

"Farin ƙyalle? Da ƙaya a ciki?" in ji Zuweira. "Innalillahi! Ke, ƙarasa shi ake son yi. Ko ɗanɗanawa kada ya yi. Wa ya san abin da likita ya ce ya ci?"

Nusrat ta yi tunanin duniya, ta rasa. Abokan aikinsa ba su sani ba, maƙwabta ma haka. Surukarta Inna Habibatu da ke Handsworth a Birmingham kuwa, ba a ma sa ta a lissafi. Matar da ɗanta na fari ke kwance amma ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba! Ranar da Nusrat ta zayyana mata bayanin likita a waya, "To" kawai tsohuwar ta ce, sannan ta tambayi ko ana ruwa a Manchester. Nusrat ta yi kuka ranar, kukan haushi.

Ta juye kifin da miyar a shara, ta ƙone ƙullin a bayan gida tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Daga nan ta daina yarda da kowa. In mai kawo wasiƙa ya taɓa ƙofa sai gabanta ya faɗi. Tsohuwar Baturiyar da ke gaishe ta ta kan shinge ma ta koma abar zargi.

Asabar ta gaba maganin Gidaɗo ya ƙare. Nusrat ta duba bakin ƙofa, wayam, ta ce alhamdulillahi, ta ruga kemis. Layi ya riƙe ta. Tana dawowa, tun daga soro ƙamshin madara da kifi ya dake ta, ga tawul ɗin nan yashe a ƙasa. Ledar maganin ta suɓuce daga hannunta.

Gidaɗo na zaune a teburin kicin, shi da tsayuwa ma ke ba shi wuya. Kular a buɗe, ya cinye kifin, ya kusa ganin ƙasan miyar. Farin ƙyallen na shimfiɗe a gabansa, ƙayoyin a jere. Kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba har cikin cokali.

"Na shiga uku! Gidaɗo, amayar da shi!" Ta fizge cokalin, ta kama wuyan rigarsa, ɗaya hannun na laluben waya don ta kira motar asibiti. "Ina ke maka ciwo? Yi magana mana, don Allah!"

Ya riƙe hannunta. Ya tambaye ta:

"Tun yaushe ake kawowa?"

"Tun da aka sallamo ka. Zubarwa nake yi, ina ƙone wannan mugun abin."

Ya rufe ido, ya buɗe. Sannan ya sa yatsa ya shafa ƙayoyin a hankali.

"Ina yaro ƙaya ta taɓa maƙale min, saura kaɗan in mutu. Tun daga ranar kifi ba ya wuce maƙogwarona sai na ga ƙayoyinsa a waje da idona, kuma kunya ta hana ni gaya miki." Ya dubi ƙofar gida. "Mutum ɗaya ce ta san haka, Nusrat. Inna ce ke hawo mota tun daga Birmingham ta ajiye ta juya, don ni ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta iya shigowa ta ce ni ta dafa wa."