Wa Ke Zare Kabul?

Da ƙarfe biyar na yammacin Litinin Lawali ya ɗaure noti na ƙarshe, ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar shi ya ɗora gada bisa kogi.

Suwic uku ne, na'urorin da ke raba rezo, wato layin sadarwa, ga kwamfutocin wani kilinik a unguwar Dar es Salam ta birnin Niamey. Ya jera su ɗaya bisa ɗaya, ya haɗa su ta gaba da gajerun kabul masu kauri, suka zama tamkar na'ura guda, ta sama na shugabanci, biyu na bin ta. Fitilunsu kore shar. Akwatin ƙarfen da suke ciki ma shi ya auna wa mai walda, da taƙinsa, ran da ya manta abin awo a gida. Lawali dai ya daɗe da yarda cewa hannunsa ba ya ƙarya.

Ma'aikata sun fara tashi. Ya rufe akwatin, ƙofar ta ɗan yi gardama irin ta sabon ƙarfe, ya taimaka mata da gwiwa. Makulli ɗaya ya sa aljihu, ɗayan ya miƙa wa Madam Na'omi mai farmasi, tunda a ɗakinta aka kafa akwatin. Ya hau moto yana fito.

Talata da safe salularsa ta yi kuka. Rezo ya faɗi, marasa lafiya sun yi layi, ba a iya fitar da takardar kowa. Ya iso ya tarar da akwatin a buɗe, kabul ɗin da ke haɗa suwic ta sama da ta tsakiya ya zare, Na'omi na tsaye da makulli a hannu.

"Haka na iske kabul ɗin, Malam Lawali," in ji ta. "Dubawa kawai na yi."

Ya maida kabul, ya ja kujera ya zauna gaban akwatin a buɗe, yana gadi har yamma. Ko ƙyaftawa fitilun ba su yi ba. Wannan kuwa ya ishe shi hujja: in yana nan, ba hannun da ke iya miƙewa. Da aka tashi ya kulle, ya tafi.

Laraba haka aka maimaita, babu ragi. Kabul ɗin nan dai, Na'omin nan dai, ita da ke riga kowa zuwa. Ran Lawali ya ɓaci ƙwarai. Ya tuna tun farko ta yi ƙorafin an cinye mata wurin kwalayen magani, ya kuma lura ba ta son haɗa ido da shi. Mai kaza a aljihu, ai ba ya jimirin as.

Ya kai magana gaban Dokta Salamatu, mai kilinik ɗin. Matar ba ta da dogon zance. Ta ce shekara goma sha ɗaya Na'omi na aiki da ita, ba ta taɓa kama ta da ko allura ba, amma marasa lafiyarta ba za su ci gaba da gasuwa a layi ba. Kafin Juma'a, ko ya kawo shaida ta sallami Na'omi, ko ya kwashe kayansa ta nemi wani gwanin.

Lawali ya fito yana tunanin sunansa. Niamey gari ne babba, amma masu harkar rezo duk sun san juna, kuma dariyarsu ba ta da sauƙi.

Alhamis da azahar dabara ta zo masa, har ya yi mamakin kaifin kansa. Na'omi ta fita ɗauko ruwa. Ya kunna bidiyon salularsa, ya jingine ta cikin akwatin tana kallon ƙofa, yadda duk wanda ya buɗe, fuskarsa za ta fito sarai. Ya kulle, ya ɗaga murya ya shaida wa duniya za shi cin abinci, kuma zai daɗe.

Bai kai rabin kwanon dambu da kopto, wato zogale, ba, mai gadi ya zo da gudu. Rezo ya faɗi.

Lawali ya wanke hannu a natse. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ya tarar da ɗakin farmasi cike, Dokta da likitoci har da masu jiran magani, akwatin a buɗe, Na'omi gefe idanunta sun yi ja. Ya ɗan ji tausayinta, amma bai bari tausayin ya ɓata masa ranarsa ba. Ya zaro salular, ya ɗaga ta sama.

"Dokta, duk wanda muka gani a nan, don Allah kada a yi masa sassauci."

"Na ji," in ji ta. "Kunna."

Aka matso, kai bisa kai. Fuskar farko tasa ce, cike da allon, tana murmushi.

"Wannan ni ne, ina ɗana tarko," ya ce. "Ku dai jira."

Ba su jira da yawa ba. A cikin bidiyon ƙofa ta taho, ta tokari kabul mai kauri ta tsaya, saura yatsa biyu ta rufu. Sai aka ji dum na gwiwar Lawali, kabul ya yi tsalle ya fice daga raminsa, fitilu kore suka koma ja.