Ranar da Muka Ɗauko Inna

Da daminar da ruwan madatsar Tiga ya fara cin ƙauyenmu, kowa ya tashi sai kakata Inna. Hanya ta zama laka, babu motar da ke shiga.

Ina shekara bakwai. Da azahar Baba ya fito daga ƙarƙashin tsohuwar jif ɗinsa, yana warin man giyar mota. Ya sauya mata aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya sa mai kauri, ya sauya haƙoran giya.

"Yanzu ba ta da gudu, amma ba za ta kafe ba," ya ce. "Shigo, Uwata. In Inna ta gan ki, za ta biyo mu."

Motar ta yi ta rarrafe cikin laka tana gurnani. Muka tarar da Inna zaune, ruwa ya kai gindin rumbunta.

Ta dube ni, ta dubi Baba. "Da yarinya ka biyo wannan hanyar?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki carbinta ta shiga, ta rungume ni har muka iso.

Sai da na haihu na gane irin tsoron da ya sha a kan sitiyari ranar nan, yana tuƙa 'yarsa cikin wannan haɗari.